Na Ba Da Aron Yatsana, Na Rasa Lambar Da Ƙanwata Ta Haddace

Ina yi wa edita da masu karatu sallama. Ni Bahaushen Sudan ne, shekarata goma sha uku a Jidda, ina aiki a wani sito a Khumra, ɗakina kuma a Sharafiyya. Lokacin da abin nan ya faru, da abu ɗaya nake taƙama: iƙamata, wato takardar izinin zama, ba ta taɓa mutuwa ba, kuma ba wanda yake bina ko riyal ɗaya. 'Yan garinmu har tsokanata suke yi, wai ni ne kaɗai baƙon da ke fara yi wa 'yan sanda sallama. Ba zan ɓoye ba, tsokanar tana fasa mini kai. A tsakaninmu kuma mai takarda ba ya hana marar takarda taimako, in ka hana, labarin rowarka sai ya riga ka isa gida.

Wata rana wani dattijo ɗan garinmu, wanda iƙamarsa ta daɗe da mutuwa, ya roƙe ni in raka shi wani shagon waya a Bagdadiyya. A nan ba a sayar da layi sai mutum ya ɗora yatsa a na'ura, shi kuwa ba a karɓar nasa. "Ƙanena, yatsa kawai za ka ɗora, minti biyu, shi ke nan," in ji shi. Na ɗora, ban ko kalli abin da aka rubuta a allon ba, ina ta hira da mai shago. Da na ga ya fito da sabuwar waya a kwali har ba'a na yi masa, na ce ashe tsoho ya yi kuɗi. Ni na ɗauka layin da ake sa wa kati ne. Ashe layin fatura ne, irin wanda ake biya ƙarshen wata, haɗe da waya bashi na shekara biyu, duka da sunana. Ya biya wata biyu, kame ya rutsa da shi aka mayar da shi gida. Saƙonnin gargaɗi kuma layinsa suke zuwa, ban ga ko ɗaya ba.

A tsakanin nan yaƙi ya iso yankinmu. Iyayenmu sun rasu, ƙanwata ce kaɗai ta rage mini, da 'ya'yanta uku. Kiranta na ƙarshe da wayar aro ta yi shi. Ta ce an ƙwace tata a hanya, ba ta san inda motar da suka shiga za ta sauke su ba, amma in kwantar da hankalina, lambata tana kanta, duk inda ta samu waya za ta kira. Tun zuwana Jidda ban taɓa canza layi ba, kuma ba ta da wata lamba a ka sai tawa. Daga ranar ban sake kashe wayata ba, ko salla zan yi tana aljihun gaba.

Kwana ashirin bayan haka na wayi gari layina a rufe. Na bar aiki na tafi ofishin kamfanin. Ma'aikaciyar ta juyo mini da allo ta nuna mini bashin watanni, da kuɗin wayar, da tarar karya yarjejeniya, ta ce kamfani ɗaya ne, don haka an rufe duk layin da ke kan iƙamata. Na ba ta labarin dattijon tiryan-tiryan, ta saurara, ta ce ta yarda da ni, amma yatsan nawa ne. Na roƙe ta a buɗe mini karɓar kira kawai, ba na son kiran kowa. Ta ce ba a hannunta yake ba. Wata biyu na yi ina haɗa kuɗin, na karɓi rabin albashi tun wata bai ƙare ba, na sayar da na'urar sanyaya ɗakina a tsakiyar zafi. Ranar da na biya na fito da murmushi, na zaci an gama.

Ashe da saura. Da na koma a buɗe layin, aka ce sunana ya shiga kundin waɗanda suka taɓa ƙin biya, wanda kamfanoni ke dubawa kafin su ba mutum layi. Ba za a buɗe ba sai na ajiye kuɗin ta'amin, wato jingina da za su riƙe shekara guda, kuma kuɗin sun kusa albashina. Ba wanda ya faɗa mini wannan a zuwana na farko. Aka ƙara da cewa kwana goma sha biyu suka rage a janye lambar. Kafilina, wato ubangidan da iƙamata ke ƙarƙashinsa, ya yi tafiya. Na bi 'yan garinmu ɗaki ɗaki, kowa ya riga ya aika abin hannunsa ga nasa da suka gudu, wani ma kuka ya saka mini. Albashi ya shigo bayan wa'adin ya wuce da kwana huɗu. Na kai kuɗin, ma'aikaciyar ta duba, sannan ta ce in zaɓi wata lamba, akwai masu kyau. A gabanta na zauna a ƙasa.

Na yi ta kiran tsohuwar lambar ana ce mini ba ta aiki. Bayan watanni ta shiga, wani lebura ɗan Asiya ya ɗauka, Larabcinsa a kakkarye. Na tambaye shi ko wata ta taɓa kira daga waje. Ya ce e, wata mata ta kira sau uku tana kuka, tana maimaita wani suna, ya ce mata ba nan ba ne, a na uku ya ce ta daina damunsa. Lambar da ta kira da ita kuwa ta goge. Na ce zan sayi layin ko nawa ne, ya ce da sunan kamfaninsu yake. Ya rubuta sabuwar lambata, ya yi alkawarin zai ba ta in ta sake kira. Duk Juma'a ina kiransa, ya gaji da ni har ya fara tausaya mini, amma ba ta sake kira ba.

Ba na zagin dattijon, wataƙila shi ma ya yi niyyar biya. Kaina nake zargi, da na ɗauki yatsa kamar cokali da ake ara a dawo da shi. 'Yan'uwa mazauna ƙasar nan, ku taimaki marar takarda da abinci, da kuɗi, da wurin kwana, amma kada ku ɗora yatsa a kan abin da ba ku karanta ba. In an ce ku biya bashi, ku tambayi abin da zai biyo baya tun a ranar. Kuma ku sa naku su haddace lamba ta biyu. Na san ƙanwata ta fita da rai, na gode Allah. Abin da ke cina shi ne, duk inda take yanzu, tana zaton yayanta ya canza layi ne don ya huta da ita.