Yadda Aka Naɗa Ni Shugaban Kwamitin Dutse

Haƙƙin da ke wuyan duk ƙungiyar da ta ajiye littafin taro shi ne ta rubuta magana yadda aka faɗe ta, ba ƙari ba ragi. Na riƙe wa ƙungiyar mazauna layinmu a Unguwar Dosa wannan amana tun da na yi ritaya daga koyar da labarin ƙasa aka zaɓe ni sakatare. Da ni kuma na buƙaci a riƙe mini ita, ga abin da na samu.

Muna zama ranar Lahadin ƙarshen wata a wani ajin firamare da ke bakin layi, bayan masu zuwa coci sun dawo, an kuma idar da la'asar. Ƙa'idojin zaman ni na tsara su da hannuna. A cikinsu akwai wadda ta ce sakatare ba ya rubuta maganar kansa. In zai yi magana, sai ya miƙa littafi ga mataimakiyarsa. Tawa kuwa ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, 'yar kudancin Kaduna, mai kyakkyawan rubutu da ƙarancin haƙuri da dogon bayani.

A zaman da nake magana a kai, mun gama da batun kwatar da ta toshe da na karnukan da ke bin yara, shugaba ya tambaya ko da saura. Na miƙa littafi na miƙe, domin na ga jita-jita na yawo a wayoyin mutane cewa wani dutse zai faɗo daga sama, na ga kuma wajibina ne in kwantar da hankula. Na bayyana cewa akwai duwatsu masu kewaya rana kamar yadda duniya ke yi, hanyar wasunsu takan ratso kusa da tamu, ɗaya kuma zai gitta nan ba da daɗewa ba. Masana sun auna hanyarsa sun tabbatar ba zai taɓa mu ba, abin da suke kira kusa ma ya zarce nisan wata. Sau uku na maimaita wannan.

Da a nan na tsaya, da na tsira. Amma malami ba ya iya barin darasi a rabi. Na ƙara da abin da ya fi burge ni: dutsen yana juyawa a kan kansa kamar katantanwa, juyin kuwa yana sauyawa sannu a hankali. Rana takan gasa shi, zafin ya riƙa fita ba daidai ba tunda shi ba mulmulalle ba ne, wannan ɗan turin na shekaru aru-aru sai ya ƙara masa sauri ko ya rage.

Wani Bakatsine, direban da ke jigilar kaya daga Babbar Kasuwa, ya ɗaga hannu.

"Allah shi gafarta Malam, ni ban yi boko ba, amma tayar da ta sauya juyi ba a ba ta amana. Yau rawa take, gobe ta bar motar ta shige shagon mutane."

Aka yi dariya. Na ce juyi daban, hanya daban. Ya tambaya ko ranar da ta iya taɓa juyin ba ta iya taɓa hanyar. Ni ba na ƙarya, ko da ta fitar da kai ce, don haka na amsa cewa takan ɗan taɓa, amma kaɗan ƙwarai, kuma an sa shi a lissafi. Shugabanmu, wani Alhaji mai sayar da kayan gini, ya gyaɗa kai ya ce ashe dai akwai magana. Mataimakiyata ta dubi agogo, aka rufe da addu'a.

Zaman da ya biyo baya ina Zariya wajen ta'aziyya. A bayan idona aka karanta bayanan taro, aka amince da su. Da na dawo na buɗe littafi, sai na iske ƙarƙashin sashen Tsaro, dab da bayan batun karnuka: "Sakatare ya sanar da taro cewa wani dutse yana tahowa, kuma juyinsa ba shi da tabbas. Mataki: an kafa kwamitin mutum uku ya sa ido. Shugaban kwamiti: Sakatare."

Na sami mataimakiyata a gida tana tsince wake. Ko ɗago kai ba ta yi sosai ba, ta tuna mini cewa littafinmu sashe uku gare shi, Tsafta da Tsaro da Zumunci, dutse kuwa ba shara ba ne, ba kuma biki ba.

"Baba Sakatare, kai ka ce kowane batu sai da matakin da za a ɗauka. To me zan rubuta? An ji, an yi mamaki?"

Na ce mata haka ɗin ya kamata. Ta ce babu gurbinsa.

A zama na gaba na nemi a gyara. Shugaba ya buɗe ƙa'idoji ya karanta mini, cikin ladabi da kyakkyawan lafazi, sakin da ya ce abin da taro ya amince da shi ba a kankare shi. Ya kuma yaba da hikimar wanda ya rubuta sakin. Igiyar da na murza da hannuna ce aka ɗaure ni da ita.

Daga nan na zama abin da na zama. Wani maƙwabci ya tare ni yana tambaya ko ya dakata da rufin ɗakinsa. Direban nan in ya wuce sai ya danna oda ya leƙo ya ce, "Shugaba, ya taya?" Har daga Abakpa wasu dattawa biyu suka zo neman shawarar yadda za su kafa nasu kwamitin. Ina so a sani cewa ban taɓa kiran zaman kwamitin ba, ban kuma taɓa ɗaga kaina sama da sunansa ba.

Dutse ya zo ya wuce a ranar da aka ce zai wuce. Ina gida ina gyaran famfo. Ba wanda ya gan shi, ba wanda ya ji shi, na ɗauka magana ta mutu. Sai ga shi a zaman ƙarshen wata shugaba ya gabatar da ƙudurin yabo: kwamitin dutse ya kammala aikinsa ba a rasa rai ko kwanon rufi ɗaya ba, saɓanin kwamitin kwata da har yau ruwa ke kwance. Aka tafa. Na miƙa littafi na miƙe, na ce ban yi komai ba, dutsen bai san da Unguwar Dosa ba, hanyarsa yake bi, kuma wata rana kewayensa zai sake kawo shi kamar yadda ya saba. Ga abin da aka rubuta: "Sakatare ya nuna tawali'u, ya kuma sanar cewa dutsen zai dawo. Mataki: kwamiti ya zama na dindindin."

Littafin nan zai fi ni daɗewa. Wanda ya buɗe shi bayan raina zai iske malamin labarin ƙasa da ya tsoratar da maƙwabtansa da abin da ba zai faru ba, sannan ya karɓi tafi don bai faru ba. Zagi zan iya haɗiyewa. Yabon ƙarya ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon babban taron ƙungiya da ya binciki yadda bayanina ya shiga littafi, ya saurari waɗanda suka ji ni na ce sau uku ba zai taɓa mu ba. Tunda ba a kankarewa, a liƙa wannan takarda a jikin shafin. A janye yabon, a rushe kwamitin, a buɗe sashe na huɗu mai suna Ilimi wanda ba ya buƙatar mataki. Ina kuma roƙo, da babbar murya, kada a sa wannan koke ƙarƙashin Tsaro, kuma in har binciken sai da kwamiti, a nemi wani ya shugabance shi.