Inna Mai Kiwo Za Ta Ajiye Safar Hannu

Kullum da safe, kafin ta gaisa da kowa a masana'antar tace kwal, sai ta hau tsanin ƙarfe ta leƙa tankunanta. Ta shinshina ruwan, ta dubi launinsa, ta ɗebi kaɗan a kwalba ta kai ɗakin gwaji. Cikin wannan jan ruwa mai tsami akwai ƙwayoyin bakteriya masu cinye farar wutar da ke jikin niƙaƙƙen kwal, don kada hayaƙinsa ya sarƙe mutane idan an ƙona shi. Ita ke kula da iskarsu da ɗuminsu, shi ya sa ake kiranta Inna Mai Kiwo. Direbobi kan tsokane ta, "Inna, yaushe za a yanka mana ɗaya?"

"In kun gan shi ku kama," in ji ta.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Makanikin wurin ya ba ni labarin ranar da injin hura iska ya mutu da tsakar rana. Ƙwayoyin ba sa rayuwa ba iska. Ta rarumi doguwar sanda ta yi ta juya ruwan har aka gama gyara, ruwan ya shiga safarta ya ɗaye mata fatar hannu. Tabon yana nan har yau.

Wani direba kuma ya ga ranar da manaja ya ce a loda kwal ɗin da bai gama tsima ba, wai mai saye na gaggawa. Ta tsaya a gaban motar.

"Ranka ya daɗe, tanderun da za a kai shi yana bayan makarantar yara. Sai dai a bi ta kaina."

Ba a loda ba. Ƙarin girman da take jira ma bai zo ba.

Ƙaninta ne ya gaya min dalili. A gindin bututun hayaƙi suka tashi, tari ne kuma ajalin mahaifiyarsu. "Yaya ce ta yi jinyarta," in ji shi.

Inna, ke ce garkuwar waɗanda ba su san da ke ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, ranar da aka ce mu kau da kai, Allah Ya ba mu ƙarfin halin cewa a'a.