Inna Dou Za Ta Bar Dutsen Lianqiao

Kafin rana ta ɗaga, Inna Dou Cuiying ta sha kununta na gero, ta goya kwando, ta kama hanyar dutse. Haka muka buɗi ido muka gan ta a ƙauyenmu na lardin Shanxi. Lianqiao take tsinka, ɗan itacen jejin nan mai rawayan fure, wanda ake dafa 'ya'yansa a sha don zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Ta turara su ta shanya, masu haɗa magani su zo su saya. Na maƙwabta kuwa kyauta ne.

Shekarar da zazzaɓi ya game ko'ina, lianqiao ya yi tsada. Mutane suka cika dutsen da lauje, suna sare rassa ɗungurungum. Mijinta, Niu Baoshan, ya hau don ya hana su. An kwana ana ruwa, ƙafarsa ta zame a bakin kwazazzabo. A kan ƙyaure aka sauko da gawarsa.

Mun ɗauka ta daina hawa ke nan. Ana gama makoki ta koma. Duk kututturen da ya yi toho, sai ta lanƙwasa reshen, ta binne tsakiyarsa, ta danne da dutse har ya yi saiwa. Ƙanin mijinta ya ce, "Yaya, ke kaɗai za ki tufatar da dutse?"

Ta ce, "To zo ka kama mini, sarkin surutu."

Yini guda ya yi, ya ce bayansa na ciwo. Ita ta haura shekara ashirin tana yi.

Inna, ke ce kika kai wa ɗaya daga cikin masu saran nan magani ranar da 'yarsa ta kwanta, kika ajiye a ƙofa, kika juya.

Bana yanar ido ta rufe mata gani, kuma 'yarta za ta tafi da ita birni. Makon jiya muka tura ta a baro zuwa gindin dutse.

Ta ce, "Sun yi fure?"

Muka ce, "Dutsen duk ya koma rawaya."

Ƙanin mijin ya miƙa hannu zai karyo mata reshe. Ta ji motsin ganye, ta ce, "Kul! Ni za ku kai wurinsa."

Ya goya ta. Ta daɗe tana shafa furen, hawaye na zuba.

Mun gode, Inna, uwar dutse. Ku kuma masu hawa da kwando, ku tsinki 'ya'yan, ku bar reshen.