Fim Ɗin da Na Fassara wa Mama

Ni tafinta ce. Na fi shekara goma ina fassara tsakanin Turanci da Hausa a Greensboro, garin da nake zaune a ƙasar waje, yau a kotu, gobe a asibiti, kuma dokar aikin guda ɗaya ce tak: abin da aka faɗa shi za ki faɗa, ba ƙari ba ragi. Idan mutum ya zagi lauya, ki zage shi da Turanci mai kyau. Idan likita ya ce ciwon ba ya warkewa, ba ki da damar cewa "sai a hankali". Matan Nijar da ke unguwarmu har cewa suke bakina ba shi da tausayi, ni kuwa ina jin daɗin zagin, don na san yabo ne.

Ƙanena, autanmu, yana da shekara talatin da biyu a lokacin da nake ba da labari. Yana aiki a kantin magani, yana zaune a McLeansville, can cikin gonaki inda sai ka shiga mota kafin ka gai da maƙwabcinka. Ba shi kaɗai yake zaune ba. Akwai wani dogon mutum mai sanyin magana da dukkanmu muke kira "roommate", wato abokin zaman gida. Auta bai taɓa gaya mini ko wane ne shi a wurinsa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Amma gida mai ɗaki biyu, ɗaya cike da kwalaye da keken motsa jiki, ba sai an yi mini bayani ba. Na sani, ya san na sani, muka bar maganar a nan. Mamanmu da ke Kano ce ba ta sani ba.

Abin da ban iya barin sa a nan ba shi ne finafinan da yake kallo. Irin na soyayya da barkwanci ne, sai dai masoyan duka maza. Duk ranar da na je gidansa da ɗaya a talabijin, kuma wallahi idan kin ga ɗaya kin ga duka. Ɗaya ɗan birni ne mai rawar kai, ɗaya kuma yana gasa burodi a wani ƙauye da ba a taɓa ganin shara a titinsa ba. Za su yi karo, kofi ya zube a riga, su yi faɗa, su shirya. Akwai kare. Kullum akwai kare. Kicin ɗinsu fes, ba a taɓa soya albasa a ciki ba, dusar ƙanƙararsu ba ta narkewa ta zama taɓo irin tamu, kuma ba wanda ke tashi da sassafe don kama bas. Can wajen ƙarshe sai a samu wani saɓani na rashin hankali, wanda kiran waya ɗaya zai kashe, amma sai an yi gudu a titi ana haki. Sannan uwa ta fito. Ita ce ta fi ba ni haushi, uwar nan mai farin gashi da murmushi, wadda ɗanta zai gaya mata maganar da ta fi kowace nauyi a rayuwarsa, ta yi dariya ta miƙa masa kek.

Wata Baturiya da muke aiki tare a kotu, mai jikoki huɗu, ita ma mayyar su ce. Na taɓa tambayar ta abin da take gani a ciki. Ta ce mini ta gaji da finafinan da ake kashe irin mutanen nan ko a kore su daga gida, a waɗannan kuwa ba wanda ke mutuwa. Na ce mata ai ba wanda ke rayuwa ma. Ba ta yi dariya ba, ni kuma ban janye ba. A ganina alewa ce kawai ake sayar wa manya, kuma na raina duk babban da ke tsotsa, har da ƙanena.

A shekarar ne Mama ta zo aka cire mata yanar ido. Ta sauka a gidana a East Greensboro. Da idon ya washe sai ta kama talabijin kamar sabuwar amarya da madubi. A gida ta saba da finafinan Indiya masu fassara, inda mutum ɗaya ke yin muryar kowa, don haka a nan ni ta naɗa. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana, sai dai in ji, "Ke, me ya ce?" Na fassara mata labarai, na fassara mata tallar magani, har gasar girki sai da na fassara.

Wata Alhamis ina tafiya a Elm Street zan sayi abincin rana, Auta ya kira ni.

"Yaya, Sunday zan zo da wani film mu kalla da Mama. Ke za ki yi translating."

Na tsaya cak a bakin titi. Na gane nan take, kuma raina ya ɓaci nan take.

"Kai Hausar ta gudu daga bakinka ne?"

"Kin fi ni iyawa."

"Auta, wane irin fim ne?"

Ya ce, "Just say what they say, Yaya. Ai shi ne aikinki."

Ku ji fa. Namiji da gemunsa, yana so ya gaya wa uwarsa ko shi wane ne, amma ba da bakinsa ba. Turawa biyu masu haƙoran talla za su faɗa, ni in ɗauko in sauke a kunnen Mama, shi kuma yana gefe yana kallon fuskarta. Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba. Na kashe wayar.

Ranar Lahadi bayan azahar ya zo da gasasshiyar kaza da lemo, ya durƙusa ya gai da Mama, ya kunna fim ɗin. Mama ta miƙe ƙafa a kan kafet. Shi ya zauna a ƙarshen kujera yana murza rimot.

Da farko ba wahala. Kofi ya zube, na fassara. An yi wa kare magana, na fassara. Da mazan biyu suka riƙe hannu suna tafiya a kasuwar ƙauyen, Mama ta tafa.

"Ashe Turawa ma sun san zumunci! Haka babanku da amininsa suke zuwa kasuwa, hannu cikin hannu, kamar an ɗaure su."

Daga nan ta shiga jiran amarya. Duk macen da ta gifta sai ta ce, "Ke, wannan ce?" Mai sayar da fure, ƙanwar mai burodi, har wata tsohuwa mai sanda sai da ta duba. Na ce mata ta yi haƙuri tukuna.

Sai kalmar ta zo. Ɗan birnin ya gabatar da mai burodi ga abokan aikinsa, ya ce boyfriend ɗinsa ne. Kalma ce da na fassara sau ba adadi a kotu. Saurayi. Amma a Hausa ba ta tsayawa ita kaɗai, sai ta ɗauki mai ita, kuma bakina ya saba da "saurayinta". Yanzu "saurayinsa" zan ce, kuma wannan 'yar "sa" ɗin ta isa ta gaya wa Mama komai. Auta ya daina murza rimot. Mama ta ce, "Ke, me ya ce?"

"Ya ce amininsa ne," na ce.

Ban kalli Auta ba. Daga nan kuwa ƙarya ta riƙa kiran 'yar'uwarta. Inda aka ce "ina son ka" na ce "ina ganin mutuncinka". Da kiɗa ya canja na ga suna matsowa kusa da juna, na miƙe na tsaya a gaban talabijin da faɗina, ina tambayar Mama ko in dafa mata shayi, da citta ko babu, har sai da na ji kiɗan ya sauka. Da aka zo wurin uwar, ɗan ya zauna a gabanta yana rawar murya ya ce mutumin nan yake so, da shi zai zauna. Ita kuma ta yi dariya da hawaye, ta ce ta sani tun yana yaro, ta rungume shi.

"Ya ce mata ya samu aiki a birni," na ce. "Ta ce ta san zai samu tun yana yaro."

"Allah sarki, uwa," in ji Mama, tana share ido da bakin mayafi.

Fim ya ƙare ba amarya. Mama ta ce Turawa ba su iya ƙarasa labari ba, amma ya yi mata daɗi, ta tashi yin la'asar.

Na sami Auta a kicin yana wanke faranti ɗaya da ya riga ya fita. Bai juyo ba.

"Kin yi ƙoƙari, Yaya."

Nan na sauke masa abin da ke cikina, da ƙaramar murya don kada Mama ta ji. Na ce Mama ba 'yar fim ba ce, ba wanda ya rubuta mata dariya da kek. Na ce mace ce mai hawan jini da za ta koma Kano ta zauna da maganar ita kaɗai, ba ta da wanda za ta gaya wa, kullum tana kan sallaya tana tambayar Allah inda ta yi kuskure. Na ce idan yana da ƙarfin halin, ga ta can, ya je ya faɗa da Hausar da ta koya masa, ya daina aiko da mai burodi.

"Kina tsammanin ban san ƙarya ba ne?" ya ce. "I know it's fake. Awa ɗaya da rabi ce kawai nake ganin yadda abin zai kasance da ya zo da sauƙi. So nake ita ma ta gani sau ɗaya, ko da na wasu ne."

Na yi tsaki. Har a lokacin tsaki na yi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne Mama ta so fim ɗin. Duk satin nan "fim ɗin aminai" take kira, har ta ba wata Hajiya 'yar Maraɗi labarinsa a waya, da fassarata kaf, kamar ta haddace. Lahadin da ta biyo baya ita ce ta ƙarshe kafin ta koma gida, kuma da Auta ya zo sallama ta ce sai ya sake kunna mata. Ya kalle ni, na kau da kai. Ina da soye-soyen da zan yi mata na hanya, na shige kicin, na ce ai ta riga ta san labarin.

Ina tsaye a kan mai mai zafi na ji kiɗan nan ya canja. Na gane wurin. Tsakanina da talabijin taku biyar ne, da na ajiye cokali na isa. Ban motsa ba, kuma har yau ban san ko tsoro ne ya riƙe ni ko gajiya da tsayuwa a gaban allo. Kiɗan ya hau, ya daɗe, ya sauka. Falon ya yi tsit. Mama ba ta yi salati ba, ba ta kira ni ba. Ta gani, ba makawa.

Na rage wuta na leƙa ta bakin ƙofa. Tana zaune yadda take, hannunta a kan gwiwa. Auta ya sunkuyar da kai. Fim ya ci gaba da shirmensa, kare ya yi haushi, aka yi gudu a titi, har aka zo inda ɗan ke zaune a gaban uwarsa. Na jira in ji "ke". Ba ni ta kira ba. Ta juya gaba ɗaya ta fuskanci ɗanta, ta yi magana a hankali, da muryar da take lallashinsa da ita in ba shi da lafiya.

"Auta, me ya ce mata?"

Ba tafinta a tsakaninsu, ba kowa. Na kama kaina ina roƙo a raina, ni da na toshe hanyar da hannuna, ina cewa faɗa mata, don Allah faɗa mata. A talabijin matar nan ta riga ta fara dariyarta.

"Ya ce mata ya samu aiki a birni, Mama."

Kalma a kan kalma, yadda na faɗa. Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta wannan rana ba, da na ji ƙaryata ta fito daga bakin ƙanena a daidai lokacin da uwarsa ta buɗe masa ƙofa. Mama ta daɗe tana kallon sa.

"Haka yayarka ma ta ce," in ji ta.

Ta gyara mayafinta ta juya ga talabijin, ba ta sake tambayar kowa komai ba har fim ɗin ya ƙare.