Fatalwar da Anti Zugwai Ta Ciyar

Anti Zugwai tana sayar da gwaten acca a unguwar Television, ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin titi. Ta haura shekara hamsin. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ta zo Kaduna tana budurwa, ta yi shekara goma sha ɗaya a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri, har ranar da aka rufe ƙofa aka ce kowa ya tafi gida. Mijinta ya daɗe da rasuwa. A cocinmu, in an yi mutuwa ita ake kira ta gyara gawa, in biki ne ma ita ke yi wa amarya kwalliya. Don haka da Nathan, shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan coci, ya tashi yin fim ɗin ban tsoro, bai nemi wata mai kwalliya ba.

Kashi na ɗaya ya yi kyau. Labarin wani mutum ne da 'yan'uwansa suka jefa rijiya saboda gona. Ba a taɓa nuna fatalwar ba. Guga kawai ake gani yana fitowa, igiya na motsi babu mai ja. Yaran Unguwar Boro sun yi wata guda suna ƙin a aike su ɗiban ruwa. Sai mutane suka fara cewa a kashi na biyu suna son ganin fuskar abin.

A lokacin ne na dawo. Na gama jami'a, ina hanyar karɓo takardata aka tare motarmu, na yi kwana arba'in da ɗaya a daji. Ba zan ba da labarin can ba. Na dai dawo, kuma abinci ya ƙi shiga. Da mahaifiyata ta ajiye kwano ta tsaya a kaina, sai in kasa haɗiye ko loma. Likita ya ce in haka ta ci gaba zai kwantar da ni ya sa min roba ta hanci.

Nathan ya zo gaishe ni. Ya yi addu'a, ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon wuyana.

"Alex, kada ka ji haushi," in ji shi. "Tsakani da Allah kai ne fatalwar nan. Dubi haƙarƙari!"

Na ce to. A kwanakin nan ko me aka ce min, to nake cewa.

Ranar Asabar ta farko Anti ta zaunar da ni a benci bayan rumfarta. Ta kwaɓa farar ƙasa da toka ta shafe min fuska da ƙirji.

"Na gyara gawa ta fi hamsin," in ji ta, "ban ga wadda ta kai ka rama ba. Zauna nan ya bushe. Riƙe min kwanon nan, kada ƙuda ya faɗa."

Ta ɗora min kwanon gwate a cinya, da cokali a ciki, ta koma wajen masu saye. Ba ta waiwayo ba. Babu kowa a bayan rumfar sai katanga. Na ci cokali uku. Da ta dawo ta ɗauke kwanon ba ta leƙa ciki ba. Daga baya ta gaya min mijinta ma, bayan wani rikici da aka yi a garin, wata uku ya yi ba ya iya cin abinci sai a bayan ƙyaure.

Asabar kaɗai ake ɗaukar fim, don kyamarar ta aro ce. Amma Anti ta ce sai na riƙa zuwa kullum tana gwada kala a fatata. Na riƙa zuwa. Kalar ba ta taɓa canzawa ba. Cokali uku ya zama rabin kwano, sannan ta fara jefa nama ciki.

Ƙarshen fim aka fara ɗauka, saboda mai gidan da rijiyar take zai tashi. Sauran ya ci wata huɗu. A wata na uku Nathan ya leƙa kyamara, ya ɗago.

"Anti, kina ɓata min fatalwa."

"Ni? Da me?"

"Kumatu fa ya yi! Asabar shida suka rage. Ki ɗan sassauta."

"Je ka gaya wa uwarsa haka, ɗan nan. In kuwa ƙashi kake so, ka samu karan dawa ka sa masa riga."

"Mutane za su yi dariya."

"Su yi mana. Haƙorinka ne?"

Ya ce daga yau a harabar coci za a riƙa kwalliya, a gabansa. Ta zo da kular abinci a ɓoye cikin jakar hodarta, ta ce farar ƙasa ba ta bushewa sai a bayan ɗakin janareto. Ta dai taimaka masa da gawayi, tana zana min rami a ƙarƙashin ido da gefen kumatu. Gawayin bai ɓoye komai ba.

An nuna fim ɗin ranar Lahadi bayan sujada, an toshe tagogi da barguna. In za a faɗi gaskiya, bai kai na ɗaya ba. Sautin ya fi kyau, an daina jin kukan zakaran maƙwabta. Amma an nuna fatalwar da yawa, tana yawo tsakar gida kamar mai neman takalminta, kuma addu'ar korar ta ta ci minti ashirin. Da na fara bayyana a bakin ƙofa da kumatuna, wani daga baya ya ce, "Kai, ana cin tuwo a lahira!" Ɗakin ya ɗauki dariya. Nathan ya sunkuyar da kai.

Minti goman ƙarshe ne ƙarfin fim ɗin. Wani abu ya dafa bakin rijiya ya fito, wuya kamar igiya, idanu ba sa kallon kowa. Dariya ta tsaya. Mahaifiyata ta tashi ta fita. Ni na zauna ina kallo. Na san ni ne, amma ban ji komai ba.

Aka yaye bargunan, mata suka shigo da cincin da soɓo. Nathan ya wuce Anti bai gaishe ta ba, har yau ba sa magana sosai. Mutane suka kewaye ni, masu tsokana da masu cewa sannu. Wata ta zuba min cincin a tafin hannu. Ina ta amsa musu da to, to. Can na duba, hannun babu komai, ina taunawa, kuma duk suna kallona. Ban ji ɗanɗanonsa ba. Na dai haɗiye.