Kujerar da Malam Isiya yake zama

Da safen nan ina tsaye da makullin mota a hannu zan tafi makaranta, waya ta shigo. Wai Malam Isiya ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hatsarin mota ne, jiya bayan la'asar, gaba kaɗan da Rigachikun a hanyar Zariya. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba, ku yi haƙuri idan zancen ya zo a hargitse.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Isiya mai koyar da tuƙi ne a Hayin Banki. Bakatsine, dogo, mai wata 'yar ƙaramar mota da jan L gaba da baya. Da yawa cikin matan da kuke gani riƙe da sitiyari tsakanin Badarawa da Kawo, ta hannunsa muka bi.

Ni na je wurinsa na haura arba'in. Maigidana ya rasu ya bar mota tana shan rana a tsakar gida, ga Inna mahaifiyata da ciwon ƙafa, sai an riƙa kai ta asibiti Zariya. Dole ce ta sa ni, ba sha'awa ba.

Ranar farko na taka totur a maimakon birki, saura ƙiris in kwashe teburin wani mai lemo. Ni ina kuka, mai lemo yana zagi, shi kuwa Malam ya gyara zaman hularsa ya ce, "Malama, ai kin iya tafiya. Tsayawa ce ta rage maki."

Akwai ranar da tayata ta yi faci kusa da gadar Kawo ana tafka ruwa. Na kira shi. Ya zo a jiƙe sharkaf, amma bai canza mini ba. Ya miƙo mini sifana ya riƙe mini lema, ya ce gobe ba lallai ne yana kusa ba.

Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai a kan abu ɗaya.

Bel.

Ba ka isa ka murɗa makulli ba sai ya ji bel ya ce ƙas. Masu yafa shi a ƙirji idan sun hango jami'an hanya kuwa, su ne abin tsiyarsa kullum. Yakan ce, "Jami'i tara zai ci ka ya sake ka. Kwalta ba ta jin ban haƙuri."

Kun san yadda motocin hayarmu suke, mutum biyu ake cusawa a kujerar gaba. To shi duk tafiyar da zai yi, kujerun nan biyu yake biya ya zauna shi kaɗai. A tasha har suna suka sa masa, Alhaji Kujera Biyu. Na taɓa tsokanarsa na ce wannan ai sarauta ce. Ya ce, "Sarautar mi? Mutum biyu ba su shiga bel guda, shi ke nan."

Da na fara fita da tawa motar, ya daɗe yana zama a gefena har hannuna ya faɗa. Yarana har yau kujerar Malam suke ce wa kujerar gaba.

Amma mai kujerar ta gaskiya Inna ce, kuma Inna ba ta ɗaura bel. Ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaure ta, kuma ajali idan ya zo igiya ba ta tare shi. Motata kuwa irin mai tsegumin nan ce, da zarar mutum ya zauna bai ɗaura ba sai ta kama kuka, ƙin, ƙin, ƙin, ba ta gajiya. Sai ƙanena Nasiru ya yi mata dabarar da kowa ya sani a garin nan: ya zagaya da bel ɗin ta bayan kujera ya soke shi. Mota ta yi tsit, Inna ta sa masa albarka. Na yi magana aka ce in bar tsohuwa ta huta. Haka muke bin hanyar Zariya, raina a hannu, tirela na wuce mu ina satar kallon uwata zaune babu komai tsakaninta da gilas.

Ganina da Malam na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne. Ya biyo ta Badarawa ya ce bari ya gaida Hajiya. Mai hali ba ya fasa halinsa, kafin ya shiga ciki sai da ya buɗe ƙofar motar. Ya ja kujerar baya saboda dogayen ƙafafunsa, ya zauna, ya kai hannu kafaɗa, babu bel. Ya laluba baya ya kwance shi ya mayar inda yake.

Ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya ce, "Hajiya, gaskiyarki, ajali ba shi da magani. Amma ko ke, ai sai kin sa wa ƙofa sakata sannan ki ce Allah ya tsare."

Inna ta yi dariya ta ce, "Kai dai Bakatsine, bakinka ya fi ka." Amma ba ta ce ta yarda ba.

A bakin get ya tsaya ya ce mini, "Malama, kukan nan da motar ke yi ba iskanci ba ne. Duk randa kika ji shi, ki ɗauka ni ne zaune nan ina maki faɗa."

Muka yi dariya ya tafi.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni.

Jiya bayan la'asar ina dawowa daga makaranta, ni kaɗai, jakata a kujerar baya. Ina gab da shiga layinmu sai motar ta kama kukan nan. Na duba nawa bel, yana ɗaure. Na kalli fitilar gaban sitiyari, kujerar gefe take nunawa.

Babu kowa a kai. Ko takarda babu.

Na faka. Na kashe motar na sake tayarwa, ta ci gaba. Na daddanna kujerar da hannu, ta ci gaba. Da sauran rana, yara na wasan ƙwallo a gabana, amma sai tsoro ya kama ni. Kujerar tana nan can baya yadda Malam ya bar ta, don Inna ba ta fita ba tun ranar.

Daga ƙarshe na miƙa hannu na jawo bel ɗin, na ɗaura wa kujerar da babu kowa. Ƙas. Motar ta yi shiru.

Har na yi 'yar dariya na ce, "To Malam, na ji." Na ɗauki waya na kira shi in ba shi labari. Ta yi ta ringi, ba a ɗauka ba.

Yau bayan an kai shi, Inna ta ce sai ta je gaisuwa. Ta shiga gaba yadda ta saba. Tun daga Badarawa har Hayin Banki motar na kuka.

A can matarsa ta faɗa mana abin da wani fasinja da ke baya ya shaida wa dangin Malam a asibiti. Malam Zariya za shi duba yayarsa. Ya biya kujerunsa biyu kamar kullum. Ana shirin tashi, bai kai ga jawo bel ba, sai ga wani dattijo mai zuwa Rigachikun, aka ce masa mota ta cika, ga rana. Malam ya matsa ya ce, "Shigo Baba, ai nan da nan ne."

Dattijon ya sauka lafiya a Rigachikun. Mota na tashi Malam ya kai hannu kafaɗa, babu bel. Ashe direban ya zagaya da shi ta baya ya soke, har an rufe da rigar kujera.

Ya ce, "Direba, ɗan tsaya in ciro bel ɗin nan."

Direba ya ce bari ya wuce tirelar da ke gabansu tukuna.

Malam ya juya, hannunsa na bayan kujera yana lalube, tayar gaba ta fashe. Ta gilas ya fita. Sauran duk sun ji ciwo, amma suna raye. Shi kaɗai ne.

Na tambaye ta wane lokaci ne. Ta faɗa. Na ciro waya na duba lokacin da na kira shi jiya, na mayar da ita jaka.

Ni Musulma ce, na san wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma na san idan na kai motar wurin mai gyaran lantarki zai ce sensar kujera ce ta taɓu. Wataƙila haka ne. Ban dai da niyyar kai ta yanzu.

Da muka fito, Inna ta zauna, na tada mota, kukan ya fara. Ina kai hannu giya ta ce, "Tsaya."

Ta ɗaga hannu tana laluben kafaɗarta. Ta jawo shi a karkace, ya maƙale a mayafinta, ta ƙi bari in taya ta. Ta ce, "Ina ramin yake?" Na nuna mata.

Ba ni ta kalla ba. Ta ce, "Ya isa, Isiya. Na ji."

Ƙas.

A nan ne na yi kukan da na kasa yi tun safe. Ranar Litinin muna da ganin likita a Zariya, kuma ta wurin da abin ya faru za mu wuce.

Allah ya gafarta wa Malam Isiya, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya matsa wa bawan Allah wuri a kujerarsa, Allah ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya ba waɗanda ke kwance lafiya, har da direban.

Ina roƙonku, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, gobe da safe idan kun shiga mota kun ji bel ɗinku ya ce ƙas, ku karanta masa Ƙulhuwallahu kafin ku taɓa giya.