Galan a Ɗakin Ya Kaka

Aikin da na koyo a Malesiya shi ne in ba kwamfuta siffar sinadari, ta kwatanta shi da dubban da aka riga aka gwada, ta yi hasashen abin da zai yi wa jikin mutum. Ban taɓa sakin jiki da ita ba, domin na sha ganin ta yi kuskure.

Ya Kaka maƙwabciyarmu ce a Ƙofar Mazugal. Kakanninta daga Borno suka zo, kuma tun tana budurwa take haɗa turaren wuta da humra. Ita ta turara mahaifiyata lokacin aurenta. Da na je gaishe ta bayan dawowata, na tarar tana shirin bikin jikarta Fatima, wadda za a riƙa zaunarwa a kan kasko, a lulluɓe ta da bargo kullum har ranar kai amarya.

Ɗakin haɗin ne ya tsaya mini a rai. Ga sukari a buɗe, amma babu ƙuda, babu kiyashi ko ɗaya. Bangon da na san tsaka na yawo a kai, wayam.

"Ya Kaka, ina kyanwarki?"

"Ta daina shigowa nan. Ke 'yar boko, gaisuwa kika zo ko bincike?"

A lungu akwai galan cike da wani irin mai, fari kamar ruwa. Ta ce wani ɗan kasuwa ya fara kawo mata shi shekarun baya, yana sa ƙamshi ya kama tufafi ko an wanke su. Na ɗauki hoton sunan sinadarin da ke jikin galan ɗin.

A gida na ba kwamfuta sunan. Ta ce mai yiwuwa hayaƙinsa ya kashe jijiyoyin da ke ɗaukar ƙamshi, daga baya hannu ya soma rawa. Tabbacinta bai kai ya kawo ba. Na daɗe ina juya abin. Sunan tsohuwa zan taɓa a kan hasashe, amma Fatima ce za ta shaƙi hayaƙin.

Washegari na faɗa wa Ya Kaka, na ƙara da cewa na'urar tana kuskure. Ta tura hannayenta cikin mayafi. Can ta sa aka fitar da galan ɗin, har da duk turaren da ta haɗa wa amarya.

"Za mu koma itacen hawi da farcen turare irin na kakata," in ji ta. "Ba zai kama kamar da ba. Masu magana su yi."

"Ya Kaka, me ya sa kika yarda da abin da ni kaina ban gama yarda da shi ba?"

"Tun shekarar da man nan ya shigo ɗakin nan ban sake jin ƙamshin komai ba. Da ido nake haɗi. Ko 'ya'yana ban faɗa wa ba." Ta dubi jakar kwamfutata. "Ita wa ya faɗa mata?"